Wa Zai Fara Sa Wa Kacalla Lauje

Ranar da muka buɗe bakin mashigar ruwa ta Tsohon Gari ba ta fita a raina. Shekarar nan ce da aka canja kuɗi, da rani, lokacin da masunci zai kai kifi Haɗeja ya dawo da abinsa don babu tsabar saye. Ni ne helma a lokacin, wato shugaban leburorin yankan kacalla na ƙaramar hukuma, ƙarƙashin Malam Adamu jami'in gona.

Ku da kuka shigo aikin bana kun san kacalla: ciyawar ruwa ce da ta fi mutum tsawo, tana cunkushe hanyar ruwa har kwale-kwale ya kasa wucewa. Ƙa'idar share mashiga guda ce. Daga wutsiya ake farawa a taho sama, bakin da ke haɗe da kogi shi ake buɗewa a ƙarshe, don in ruwa ya shigo ya tarar da hanya. Babu wanda bai san wannan ba a fadamar nan, har mai tallar ƙosai.

Mashigar ta taso daga kogi a Tsohon Gari, ta ratsa fadama, ta ƙare a Sabon Gida. Kakannin Sabon Gida daga Tsohon Gari suka tashi, saboda haka ƙannai ne har abada. A tsakanin garuruwan akwai gonakin alkama, kuma wadda ta fi kowacce kwari ta Iya Zara ce, tsohuwa mai riƙon jikoki. Alkamarta ta yi ja, saura ƙiris girbi, kuma ita ce abincinsu na shekara.

Aka yi zama a ƙofar gidan Bulaman Tsohon Gari, wato mai garin. Malam Adamu ya ce daga Sabon Gida za mu fara. Sai Baba Goje, dattijon da ke magana a madadin Bulama, ya gyara zama.

"Malam, tun da aka sari garin nan, ba a taɓa yin gayya ƙane ya riga wansa sa lauje ba."

"To, ranka ya daɗe, Bulama ya taka zuwa Sabon Gida ya sa laujen farko a can."

"Babban wa ya tafi gidan ƙane neman aiki? A makaranta aka koya muku haka?"

Muka juya ga mutanen Sabon Gida ko za su cece mu. Bulamansu ya sunkuyar da kai, ya ce su ba marasa kunya ba ne, ba za su taɓa ko ganye ɗaya ba sai manya sun fara. Ladabi irin wannan, sai ka ji kamar ka yi kuka.

Iya Zara tana gefe da buta a hannu. Ta ce, "Goje, tare muka yi wasan ƙasa, ban san ranar da ka zama tarihi ba. Ku bari in yanke alkamata, sannan ku yi ta girmanku."

"Zara, an riga an gaya wa makaɗa rana."

Lallai kuwa, ba a saɓa wa makaɗa. Alkama ai tana iya jira.

A ƙarshe aka yi sulhu mai kyau: Bulama zai yanki damƙa ɗaya a bakin kogi don al'ada, sannan mu kwashi lauje mu tafi wutsiya. Malam Adamu ya ce mini, "Helma, damƙa ɗaya fa." Na ce in Allah ya yarda.

Ranar ta zo, aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Bulama ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya yanki damƙarsa, aka yi guɗa. Sai makaɗi ya kira sunan Baba Goje da na kakansa. Mutumin da aka kira kakansa ba ya yankan damƙa ɗaya. Ya yanki runguma guda. Limami ya sa albarka da tasa. Daga nan kowane mai gida ya tuna shi ma yana da kaka. Samari suka faɗa ruwa suna gasa. Na shiga ina ɗaga hannu ina cewa ya isa, makaɗi ya ɗauka rawa nake, ya juyo da gangar kaina, ya yi mini kirarin da ban taɓa sanin ina da shi ba. Malam Adamu yana bakin gaɓa yana magana, ana ganin bakinsa kawai.

Kafin azahar toshiyar bakin mashigar ta ɓalle. Ruwa ya shiga da gudu, ya kwashi tarin da aka yanka, ya kai wa bangon kacallar da ke ƙasa, wadda ladabi ya hana a taɓa. Da bai sami hanya ba sai ya haura gefe. Shi ruwa bai halarci zaman ba, bai san wa ba, bai san ƙane ba, kwari kawai ya sani.

Muka ruga da buhunan ƙasa, amma a banza. Na tarar da Iya Zara tsaye cikin gonarta, ruwa har ƙugu, tana tsinkar zangarniya tana zubawa a zani. Baba Goje ya iso yana haki, ya ce ƙaddara ce.

"Ƙaddara ce mana," in ji ta. "Na gan ta da idona, da lauje a hannunta, ana yi mata kiɗa."

Abin da na koya shi ne, kacalla ba ta da wuyar yanka. Kafin ku wasa lauje, ku tambayi wane gari ne wa, kuma kada ku yarda da damƙa ɗaya a inda akwai ganga.

Alkamar gida tara ta tafi, ta Iya Zara gaba ɗaya. Injin ban-ruwa biyu sun nutse, da jakin wani Bafulatani, da takalmin Bulama ƙafa ɗaya.