Kiyashi Sun Yi Wa Maigida Fashin Teku

Ina cikin wanke-wanke na ji salatin Baban Hajara daga falo, na sheƙo a guje da kumfa a hannu.

Bawan Allahn nan ya daɗe yana fama da wasu 'yan jiragen ruwan yaƙi na roba, waɗanda shi da abokansa na unguwar Yakité suke wasan yaƙi da su a kan tebur. Ya ɓamɓare bindigogin, ya kafa tsinken tsire, ya yayyanka mayafina ya ɗaura, wai sun koma jiragen fatake masu tafiya da iska.

Ya sa na ɗinka masa 'yan buhuna. Na ce ya zuba yashi, ya ce ɗan kasuwar unguwar Kilomita Biyar ba ya lodin ƙarya. Ya ɗura sukari.

To yau ce ranar wasa, ga jirage baƙi ƙirin da kiyashi.

"Maman Hajara, an yi mini fashi!"

Na ce, "Ai kai ka cire bindigogin da hannunka, maigida."

Yanzu haka yana tsugune yana hure su, abokan suna ta sallama a ƙofa.

Jama'a, in yi masa jaje tukuna, ko in tayar da maganar mayafina?