Ƙwallon Duriyan a Bakin Zani

Jiya a unguwar Danau Kota warin duriyan, wani ɗan itace mai ƙaya da ake ci a nan, ya bugi hancina, sai wata tsohuwa ta faɗo mini a rai. Shekara uku ke nan da rasuwarta. 'Yar Orang Asli ce, mutanen da suka riga kowa zama a dazukan ƙasar nan. Na san ta ne ina ɗaliba, ina taya wata lauya aiki a unguwar Brickfields. Mun kai ƙarar wani kamfanin katako da ya share musu gonaki, ma'aikatansa kuma suna tare 'yan matansu a hanyar rafi.

Tsohuwar kullum da ƙwallon duriyan ƙulle a bakin zaninta, har ya yi sulɓi don shafa. A kotu lauyan kamfanin ya ce ta kawo takardar fili. Ta kwance ƙwallon, ta ajiye a gabansa, ta ce, "Kakana ne ya shuka uwar wannan. Ranar da kuka sare ta, shi kaɗai na tsinta." Ya toshe hanci da hankici, ya yi dariya.

Da muka fito ta kama hannuna, tafinta kaushi kamar ɓawon itace. "'Yata, kar ki yi kuka a gabansu. Ki dube shi da kyau, kar ki manta fuskarsa."

Ban manta ba, ban kuma yafe ba. Ta rasu ana ta ɗage shari'ar, ƙwallon da ta bar mini yana jakata har yau. Allah ya isar mata. Allah ya nuna mini ranar da mutumin nan zai tsaya yana rantsuwa gidansa nasa ne, a dube shi a yi dariya.