Mai Aski da Mataji a Baki

A shagon aski na gefen tasha akwai wani gajere mai sanƙo, yana aiki da mataji a baki, ya datse shi da haƙora kamar linzami. Sama da madubinsa ɗan gicciye ne na katako.

"Maigida, yau ma azumin gulmar ake yi?" in ji wanda ake wa aski.

"Mmm." Ga alama ranar Lahadi ya sake yi wa Ubangiji alkawari.

Sai ga surukin mai askin yana wucewa a kan sabon babur. Idon mai aski na bin sa, kumatu na rawa, mataji ya faɗi ƙasa.

"Kun san wa ya saya masa? Ai matarsa ce ta..."

Ya toshe baki. Shago ya kwashe da dariya. Shi kuwa yana duban gicciyen, murya ƙasa-ƙasa: "Yesu, ni ne dai na jiya. Ba ka gaji ba ko?"

Yana kasa kunne kamar mai jiran amsa a waya. Can sai fuskarsa ta washe.

"Me ya ce, maigida?" in ji wanda ake wa askin.

"Ya ce in ɗauki matajina."

Ya ɗauraye shi, ya mayar da shi baki.