Malam Sale da Baƙar Sobiya

Yau Alhamis. Ƙafafuna a kumbure suke, tari kuma bai sake ni ba. Shekaranjiya ina kishingiɗe bayan azahar maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Baba, sai haƙuri. Malam Sale ladan ya rasu, har an kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko sallarsa ban samu ba.

Tare muka tsufa da shi a unguwar Nuzla, nan Jidda. Shi ke kiran salla a ƙaramin masallacin lungunmu, kuma ban taɓa jin ya ɗora maganarsa a kan "an ce" ba. Yakan ce, "Ba a yi wa tukunya shaida daga bakin ƙofa." Na ga ma'anar wannan magana da idona.

Wata shekara wani Bahaushen Sudan mai suna Usaini ya buɗe ɗan shagon sobiya, wani abin sha mai sanyi, kusa da mu. Mun saba da fara da ja, shi kuwa sai ya fito da baƙa wuluk, ta gasasshen sha'ir da dabino, ga kumfa a sama. Nan da nan magana ta zaga cewa giya ce. A Jidda wannan ba zancen wasa ba ne: shago zai rufe, kafilin da ya tsaya wa mutum zama a ƙasar zai janye hannunsa, a tusa ƙeyar mutum da iyalinsa a jirgi. Mutane suka ƙaurace. Usaini ya wuni yana korar ƙuda.

Ranar nan bayan la'asar Malam Sale ya ja hannuna. Muka tsaya a bakin shagon, inda duk masu fitowa daga masallaci za su gan mu.

"Usaini, yaushe ka jiƙa wannan?"

"Yau da asuba, ya Shehu. Wallahi abin da ya kwana zubarwa nake yi."

"Halas. Zubo biyu."

Na ce, "Malam, ni fa farar nake sha."

Ya ce, "Kai da ka yi boko tun zamanin Turawa, baƙin ruwa ne zai ba ka tsoro? Yalla, sha. In na fara rawa ka riƙe ni, in ka fara na riƙe ka."

Na kurɓa. Da fari ɗaci-ɗaci kamar gahawa, da ƙanshin ƙanzon tukunya, sannan zaƙin dabino ya biyo baya a hankali. Malam Sale ya shanye nasa, ya share kumfa daga gemu, ya ce a ƙaro. Muka zauna a benci har rana ta faɗi. Daga nan ya miƙe ya tafi ya kira magariba, muryarsa garau kamar kullum. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Washegari har da liman a layin sayen sobiya.

Tun da ciwo ya kwantar da ni, kowace Alhamis sai ya hawo benen nan da gorar baƙar sobiya, yana haki yana cewa, "Ga giyarka, tsohon banza." Shi kaɗai ya rage mai hawowa.

Allah ya jiƙan Malam Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya wanke bawan Allah a gaban jama'a, Allah ya wanke shi ranar tsayuwa, ya shayar da shi daga Alkausara. Allah ya ba matarsa Hajiya da yaran haƙurin rashinsa, ya zama gatansu. Mu da muka saura, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Usaini ya aiko jiya cewa shi zai kawo mini gorar yau bayan la'asar. Na lallaɓa na wanke kofi biyu, na bar ƙofa a buɗe. Ga shi wani ya kira magariba, da muryar da ban sani ba. Usaini bai zo ba. Ina jin layin masu saye ne ya riƙe shi.