Man Shanun Goggon Ruga

Likitan da ya sallami Inna, mahaifiyata, daga asibiti a Gusau ya ce in riƙa ba ta abinci mai maiƙo, madara, ƙwai, kirim, duk abin da zai mayar mata da jiki. Na gyaɗa kai kamar na gane. A gidana kirim sunan abubuwa da yawa ne. Shi ne man da 'ya'yana mata suke shafawa har ƙamshinsa ya hana mutum numfashi, shi ne mai sanyin nan da suke lasa ranar sallah, shi ne kuma launin labulen falona, wanda tela ya ƙi yarda ya kira ruwan madara. Sai da na shiga wani babban kanti aka miƙo mini wanda likita yake nufi, a ɗan gwangwani. Da na buɗe a gida na ɗanɗana, sai dariya ta kama ni. Ashe maiƙon nan ne da yake tasowa a saman madarar da ta kwana, wanda na tashi ina lasa da yatsa a Tsafe, in an tsawata mini in ruga.

Dariyar ba ta daɗe ba, domin Inna ta ƙi cin komai. Hawan jini ne ya kayar da ita a tsakar gidanta na Tsafe, ya taɓa mata ɓarin dama. Bakinta ya dawo, ƙafar ma tana ɗan ja, amma hannun dama ya yi nauyi, yatsun ba sa rufuwa sai da ƙyar. Na ɗauko ta zuwa gidana a unguwar Damba, nan Gusau, don in kula da ita. Idan na kawo abinci na ɗebo a cokali, sai ta kawar da kai.

"Ɗauke abinki," in ji ta. "Ni ba jinjira ba ta."

Na ce to ta ci da hagu. Ta dube ni kamar na zage ta. Maigidana ya je ya zo da limamin unguwa, ya zauna daga bakin ƙofa ya yi mata bayani a hankali cewa mai lalura ba shi da laifi in ya ci da hannun da ya samu. Inna ta ce ta ji, ta gode, Allah ya saka. Yana fita ta juya fuska ga bango. Ruwa kawai take sha, sai kunu kurɓi ɗaya ko biyu idan na ajiye kofin na fita.

Ni mace ce mai saurin fushi, kowa a gidanmu ya sani. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi faɗa. Na zuba kirim ɗin gwangwani a kunu, na zuba a fate, har a shayi. Ta ce warin ƙarfe yake yi. Kullum da safe idan ina yi mata wanka sai in ga jikin ya ƙara zubewa, awarwaron da ya yi shekaru bai wuce wuyan hannunta ba yana sulalewa har gwiwar hannu. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na san ciwon bai kashe ta ba, amma yunwa za ta kashe ta ina kallo, a gidan da tukunya ba ta sauka daga wuta.

Wata rana ina soya albasa, sai na ji muryarta daga ɗaki tana cewa, ba da ni ba, ita da kanta, rabonta da ƙamshin man shanu na ƙwarai tun Goggo tana zuwa. Wannan ce magana ta farko a kan abinci da ta fito daga bakinta tun da ta kwanta, saboda haka na riƙe ta da hannu biyu.

Goggo ba 'yar'uwarmu ba ce. Bafulatana ce daga wata ruga a bayan 'Yandoto, mu yara muka laƙaba mata Goggon Ruga. Gidanmu na Tsafe shi ne masaukin matan rugarsu idan sun shigo tallan nono. A nan suke sauke ƙore a inuwa, su sha ruwa, su yi sallar azahar, su gyara ɗauri kafin su koma. Inna takan tara musu dusa da kanwa, Goggo kuma ta bar mana curin man shanu a ƙoƙo. Ba wanda ya taɓa kiran abin ciniki. Abu ɗaya ne Inna ta kasa da ita: Goggo ba ta cin abinci a gidan mutane. Ko ta wuni tana yawo a rana, in an kawo tuwo sai ta ce ta ƙoshi. Inna ta yi mita har ta gaji, ta koma ƙulle mata a ganye tana cusawa a cikin ƙwaryarta. Da daji ya lalace, suka tashi daga rugar, muka ji an ce ta koma wurin 'yarta a gefen Bungudu. Tun daga nan zumunci ya zama na saƙon gaisuwa.

Na shiga mota zuwa Bungudu ranar kasuwa. Na bi matan da ke zaune da ƙorensu ɗaya bayan ɗaya ina kwatance, doguwar tsohuwa, mai baƙin leɓe, mutuniyar wajen Tsafe. Suka yi ta kallona da jakata da takalmina, kowace tana cewa ba ta sani ba. Har na fara hasala, sai wata ta tambaye ni ɗiyar wa ce ni. Da na kwatanta gidanmu, sai ta rufe baki da hannu. 'Yar Goggo ce. Ta bar ƙorenta a hannun maƙwabciyarta ta kai ni.

Na sami Goggo a zaune a gindin bukka, ta tsufa, ta ƙanƙance. Shanun da suka rage musu ba su da yawa. Ta gane ni tun kafin in gama sallama. Na kwashe labarin Inna na gaya mata, na ce man shanu na zo nema. Sai ta ce:

"Wa ka cin abinci tare da ita?"

Na ce ba kowa, mu dai muna tsaye a kanta muna ba ta. Na nuna wani curi da na saya a kasuwa, ta shinshina ta mayar mini.

"Wanga ya kwan biyu. Tahi gida. Gobe in na kaɗa, ni da kaina za ni kawo."

Ta ɗage faifan wata ƙwarya ta nuna mini madarar da aka tatso, maiƙon ya soma taruwa a sama, ta ce shi za ta kwashe da safe ta kaɗa a gora. Na koma Gusau ina ƙunƙuni a mota, na bar mara lafiya na yini a hanya, ga ni hannu wofi.

Washegari da hantsi sai ga ta a ƙofar gidana, mai keke ya sauke ta da ƙwarya a cinya. A ciki ruwa ne mai sanyi, curin man yana yawo a kai, fari sol. Ta raba shi biyu, ta ce in soya rabi da albasa, in tuƙa tuwon dawa mai laushi da miyar kuka, in zuba a akushi ɗaya. Sannan ta shiga ɗakin Inna.

Ina kicin ina jin su. Sun gaisa, sun yi kuka kaɗan, sannan suka shiga lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda suka aurar da jikoki. Da na leƙa, sai na ga Goggo ta ɗora hannun Inna na dama a cinyarta tana murza shi da ɗanyen man, yatsa bayan yatsa, tana ba ta labarin wata saniyarta mai taurin kai. Ko sau ɗaya ba ta ambaci abinci ba. Ƙamshin man da nake soyawa ya cika gidan har waje.

Na kawo akushin na ajiye, man yana naso a saman miyar. Goggo ta goge hannun Inna da ruwan ɗumi, ta wanke nata, ta gyara zama. Sai na ji abin da ban taɓa zaton zan ji ba.

"Hajiya," in ji ta, "yunwa ni ka ji."

Inna ta ɗago kai. "Ke? A gidan mutane?"

"Ni. Tun asuba ni ka kaɗa gora, ban sa komi bakina ba."

"To ci mana. Ga shi nan gabanki."

"Baƙuwa ba ta fara sa hannu. In ba ki sa ba, sai in tashi in koma da yunwata."

Inna, wadda ta yi shekaru tana roƙon matar nan ta ci ko loma ɗaya a gidanta, ta dubi akushin, ta dubi hannunta. Na matso zan taimaka, Goggo ta ce mini, ba tare da ta kalle ni ba, in je in duba wutata. Na ji haushi, amma na fita. Na tsaya a bayan labule, inda nake ganinsu su ba sa ganina.

Goggo ta juya gefe, ta ba akushin kafaɗa, fuskarta ga bango, yadda matansu suke yi idan dole ta sa su ci a gaban wani. Ba ta kallon Inna ko kaɗan. Inna ta kamo hannunta na dama da na hagu, ta jawo shi zuwa akushin. Ta gutsuro tuwo, ya faɗi. Ta sake, ya faɗi a zaninta. Ba wanda ya ce sannu, ba wanda ya miƙo tsumma. Da ta sake gwadawa, ɗan guntu ya maƙale tsakanin yatsun, ta sunkuyar da kai ta tarye shi a hanya. Sai a lokacin Goggo ta miƙa hannu ta baya ta gutsura. Na toshe bakina da gefen mayafi ina kuka.

Suna cikin haka sai maigidana ya dawo, ya yi sallama, ya wuce ni ya ɗage labulen don ya gaishe da surukarsa, kamar yadda ya saba. Hannun Goggo ya tsaya a tsakanin akushi da baki. Na ga kunya ta rufe ta, na ga ta kai ɗaya hannun ga mayafinta. Inna ma ta tsaya, tana jiran ta ga abin da baƙuwarta za ta yi. Goggo ta runtse ido ta kai lomar baki, ta tauna, ta sake miƙa hannu. Inna ta bi ta. Na jawo rigar maigidana ta baya na fitar da shi.

Da la'asar na rako Goggo bakin titi. Na rasa kalmar da zan gode mata da ita, sai addu'a nake ta jerowa. Ta ce in bari haka nan. Ta ce tun da aka yi mata aure ko mijinta bai taɓa ganin tana tauna ba, kuma kada in kuskura labarin nan ya kai kunnen ɗiyarta. Har yau idan na tuna abin da tsohuwar nan ta ajiye a gefe saboda mahaifiyata, sai in ji duk abin da na taɓa yi wa wani a rayuwata bai kai komai ba. Allah ya saka mata da aljanna.

Na koma gida na sami Inna a jingine da filo, zaninta duk miya, leɓenta yana ƙyalli. Na ɗauki akushin zan fita, sai ta kira ni.

"Gobe ki ƙara gari a tukunya," in ji ta. "Matar nan ta cinye min tuwo, ban ƙoshi ba."