Daɓen da ya lotsa

Ni na jawo wa Baba aikin. Bayan na gama sakandare na samu shiga wani ɗakin gyaran kayan tarihi a unguwar Al-Murabba da ke Riyad, inda aka kawo wani tsohon daɓe na ƙananan duwatsu masu launi, gunduwa-gunduwa. Aikina goge tsohuwar ƙasar da ta maƙale a jikinsu da ɗan buroshi. Aiki ne mai cin rai. Da shugabar aikin, wadda muke kira mudira, ta ce ana neman wanda zai zuba sabon gindin da za a ɗora daɓen, na ce babana mai sa tayil ne.

Larabcin Baba na wurin gini ne, don haka ni ce tafinta.

Ran farko ya ɗora mizaninsa, sandar nan mai ƙwayar ruwa a tsakiya, a kan gefen daɓen. Ya ce, "Uwata, gaya mata nan ya lotsa. Zan ɗago shi."

Mudira ta ce kada ya taɓa. Nan ne bakin ƙofa, ƙafafun masu gidan da aka ciro daɓen ne suka cinye shi. Gindin zai bi lotsawar yadda take.

Baba ya yi dogon bayani. Tun da ya zo Riyad ruwa bai taɓa kwanciya a daɓen da ya yi ba, duk masu tayil na unguwar Utaiƙa sun sani, kuma za su zo kallo. Na taƙaita mata: "Ya ce abokansa za su yi masa dariya."

"Abin da na ce ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. Sauran ado ne."

Kwana biyu bai yi mini magana a mota ba. Amma ya yi aikin. Ya kwaɓa farar ƙasa da yashi, don an hana siminti, ya bi karkatar da tafin hannu, mizanin na jingine a bango. Inda duwatsu suka ɓace ma aka ce ya shafe kawai, kada ya cike. Wannan bai ko yi musu ba, ya gaji.

Da aka buɗe wa jama'a wurin don kallon daɓen, abokansa suka zo bayan La'asar cikin fararen riguna. Wani dattijo da suka daɗe suna aiki tare ya tsuguna bakin igiyar da aka kewaye daɓen da ita, ya kanne ido ɗaya.

"Mu'allim, wannan ai agwagwa za ta yi wanka."

Suka yi dariya. Baba ya bari suka gama.

"Alhaji, daidaitawa ko yaronka zai iya. Kai je ka karkata daɓe da gangan, daidai yadda ƙafar wani ta bar shi, ka dawo mu yi magana."

Maganar mudira ce ya yi wa kwaskwarima. Ban tona ba. Na ce su matsa, sun tare wa mutane hanya.