Ranar da Guduma Ta Kufce Mini a Rijiya

Rijiyar gidanmu na unguwar Gwallaga ta ƙafe ne a bazarar da aka haifi 'yata ta biyu. Tun tasowata ban taɓa ganin ta yi haka ba. Sai ka zura guga ka ji ya daki taɓo, ka jawo shi da ɗan jan ruwa wanda bai isa alwala ba. Ga mai jego a ɗaki, ga wankin jariri kullum. Maƙwabcina, wani tsohon tela mai shago a zaurensa, shi ya ce in daina wahala, ya san wani dattijo mai haƙar rijiya, mutumin kudancin jihar nan, wanda ya daɗe yana aiki a cikin gari.

Ranar Litinin da safe dattijon ya zo tare da ƙanensa. Gajere ne, busasshe, hannuwansa kamar saiwar itace, ƙanen kuma dogo ne marar yawan magana, shi ma ya fara furfura. Ina ce wa dattijon Baba, yana ce mini Malam, don an gaya masa koyarwa nake yi a firamare. Lokacin muna hutu, don haka kullum ina gida.

Ya zazzage buhun kayan aikinsa a tsakar gida, na tsaya ina kallo. Ni dai ban san wani kayan aiki ba bayan alli da jan biro, sai ya ga alamar ina son sani, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Akwai diga da shebur waɗanda aka datse wa ƙota suka zama gajeru, ya ce a ƙasan rijiya ba wurin da mutum zai ɗaga dogon abu. Akwai dagi, wani sandan ƙarfe mai baki, da shi ake ɓantarar marmara a gyara gefe ya tafi daidai. Idan an taras da dutse kuwa sai a koma ga cizal, gajeren ƙarfe mai tsini, a kafa shi a jikin dutsen a riƙa dukansa da guduma. Na gwada ɗaga gudumar da hannu ɗaya, sai da na ƙara na biyu. Ƙotarta ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda shekarun da ta yi a tafin hannu.

Igiya biyu ce. Mai kaurin ta mutum ce, an ɗaure ta a gindin darbejiyar tsakar gida, siririyar kuma ta bokitin ƙarfe ce da ake fito da ƙasa. Suka gitta wani gungumen itace a bakin rijiyar, a kansa igiyoyin suke bi. Kafin ya shiga ya kunna aci-balbal ya sa a bokiti ya zura har ƙasa, ya daɗe yana leƙe. Ya ce da ta mutu ba zai shiga ba, don iskar da ta kashe wuta za ta kashe mutum.

Kwana biyu suna aiki ina zaune nesa a kan benci. Ba na son leƙa rijiya tun ina ƙarami, jiri nake ji. Duk sanda Baba ya kama igiya ya sa ƙafa a ramukan da aka sassaƙa a jikin rijiyar, kansa ya nutse, ba na samun natsuwa sai na ji diga ta fara ƙara daga ƙasa.

A rana ta uku da hantsi bakin dagi ya lanƙwashe. Baba ya fito ya duba shi, ya tura ƙanensa ya kai wa maƙera a Ƙofar Dumi su buge shi. Ya sha ruwa, ya dubi rana, ya ce bai ga dalilin zama ba alhali ga ni nan da hannu biyu. Aikin na sama ba wuya, in ji shi: in ya girgiza igiya in jawo bokiti, in zubar, in mayar. Sai dai abu biyu. Kada in bar ko tsakuwa a bakin rijiya, kuma duk abin da zan aika masa in sa shi a cikin bokiti, in yi magana kafin in zura.

Na so in ce a jira, kunya ta hana ni. Mutumin da ya isa ya haife ni yana shiga ramin gaba goma sha wani abu, ni kuma in ce ina tsoron tsayawa a bakinsa?

Bokiti shida na jawo lafiya, tafin hannuna na zafi, gumi na shiga mini ido. Daga nan na ji ƙarar diga ta sauya, ta koma kamar ana dukan ƙarfe. Muryarsa ta taso daga ƙasa, ta yi kauri kamar daga cikin tulu.

"Malam, na samu dutse. Aiko mini da guduma."

Bokitin yana can ƙasa wurinsa, ya fara cika shi. Abin da ya kamata shi ne in ce ya girgiza in jawo, in zubar, in sa gudumar a ciki. Amma sai na ga kamar zan ɓata masa lokaci. Akwai igiyar guganmu a rataye a jikin bango. Na ɗauko ta, na naɗa ta sau biyu a tsakiyar ƙotar, na yi irin ƙullin da nake yi wa buhun masara. Na ja na ji ya kama. Na ce ga ta nan, na fara zurawa.

Kan gudumar ya rinjaya ƙasa, ƙotar ta miƙe tsaye. Na ga haka da idona, ban kuma gane abin da yake nufi ba. Ta yi kamar gaba uku, sai na ji igiyar ta zama ba nauyi a hannuna.

Ban ji faɗuwarta da ƙarfi ba. Wani ɗan sauti ne marar amo, sai bokiti ya yi ƙara, sai shiru.

Na kira Baba. Na sake kira. Na durƙusa na leƙa, abin da ban taɓa yi da son raina ba, ban ga komai ba sai duhu da ɗan farin hularsa, ba ta motsi. Na ji fitsari na neman kufce mini. Abin da ya zo mini a rai shi ne na kashe mutum a cikin gidana, da hannuna, kuma ƙanensa yana hanya da dagi a kafaɗa, zai shigo ya tambaye ni. 

Maiɗakina ce ta leƙo daga ɗaki don ta ji kiran ya yi yawa. Da ta ga igiyar guga a hannuna ba komai a bakinta, ba ta tambaye ni ba. Ta ajiye jaririyar a kan katifa, ta yafa zanen da ta samu ta fita da gudu, ita da ba ta yi arba'in ba.

Ina nan durƙushe sai na ji nishi. Ban taɓa jin sauti mai daɗi da ban tsoro a lokaci guda irin wannan ba. Na ce Baba, kana ji na? Ya amsa a hankali cewa kafaɗarsa ce, hannun dama ba ya ɗaguwa, kuma kansa na juyawa.

A irin wannan lokaci maza duk sun fita nema. Waɗanda ta samo su ne tela, da wani mahauci mai ƙiba da yake shirin tafiya kasuwar Muda Lawal, sai matan maƙwabta uku. Tela ya leƙa ya yi magana da Baba, ya ɗago ya ce ba zai iya hawowa da hannu ɗaya ba, ba zai kuma iya ɗaure kansa ba, sai wani ya sauka. Tela ya haura saba'in. Mahauci ko ya shiga ba wurin da zai juya. Ba wanda ya dube ni, amma duk mun san wanda ake nufi.

Na tuɓe riga da takalmi. Mahauci ya ɗaura mini igiyar bokiti a ƙugu bayan an jawo ta, ya ce zai riƙe ko da na zame. Na juya baya na zura ƙafa ina laluben ramin farko da babban yatsa. Maiɗakina tana tsaye ta toshe baki da gefen zane.

Ba zan iya faɗin tsawon lokacin da na yi ina sauka ba. Ramukan ƙafar an yi su ne daidai gajeren mutum, kuma suna da santsi. Zafin bazara ya ɓace, wani sanyi mai warin taɓo ya rufe ni. Duk taku sai ƙasa ta ɗan zubo, in ji ta sauka a kan mutumin da ke ƙasa, in ce yanzu kuma wani dutsen zan sako masa. Sau ɗaya na ɗaga kai, na ga bakin rijiyar ya koma kamar faifai da kawuna a gefensa, ban ƙara ba. Wajen tsakiya numfashina ya riƙa yankewa, na tsaya cak, na kasa gaba na kasa baya.

Daga ƙasa ya ce, "Malam, kar ka duba ko'ina. Ƙafar hagu, ƙasa kaɗan. Yauwa. Yanzu dama."

Haka ya riƙa kirga mini har na ji taɓo a tafin ƙafata.

Yana zaune ya jingina da bango, wurin bai fi tabarmar sallah ba, gwiwata na gugar tasa. Kafaɗar ta sauka ƙasa ba yadda Allah ya yi ta ba, gefen kunnensa na jini inda ƙotar ta shafe shi. Gudumar tana kwance a taɓo kusa da ƙafarsa. Da ta matsa da faɗin tafin hannu, a tsakar kansa za ta sauka. Na fara ba shi haƙuri, ya ce in bari sai mun fita.

Shi ya koya mini ɗaurin. Ya ce kada in yi zarge, zai shaƙe masa ƙirji in an ja. Na zagaya babbar igiya ta ƙarƙashin cinyoyinsa ta zama kamar wurin zama, na sake zagayawa ta ƙarƙashin hammata, sannan ya nuna mini da hannun hagu yadda zan yi ɗan ido a igiyar, in shigar da bakinta, in zagaya, in komo da shi. Sau uku ina yi yana cewa in kwance. A na huɗu ya ja da haƙori ya ce ya yi. Na cire singiletina na ɗaure masa hannun a ƙirji.

Na yi magana aka fara ja. Ya tashi sama a hankali yana tokare bango da ƙafa, yana wani irin gurnani duk sanda igiya ta fizga. Da jikinsa ya toshe hasken, sai na zauna cikin baƙin duhu ni kaɗai, ƙasa na zubo mini a ka. Na lafe da bango na rufe kai da hannuwa. A lokacin ne na san cewa ƙullin da na yi shi kaɗai ke riƙe da shi, kuma in ya kwance a kaina zai faɗo, mu tafi tare. Na karanta duk abin da na haddace, wasu surorin na riƙa haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan.

Haske ya dawo, na ji mata suna hamdala. Ni kuma ban hau da ƙafata ba, jawo ni aka yi kamar bokiti, na fito duk na ƙuje gwiwa da haɓa, na kwanta a ƙasa ina amai.

Ƙanen ya shigo ana ƙoƙarin sa Baba a keke mai ƙafa uku. Ya dubi yayansa, ya dubi igiyar guga da ke yashe, ya dube ni. Suka yi magana da yarensu, gajeriya. Ban san abin da Baba ya gaya masa ba har yau. Ya jingina dagin da bango ya shiga keken, ni ma na shiga gaba ba riga, sai a hanya mahauci, da shi ma ya biyo mu, ya miƙo mini tawul ɗinsa.

A asibiti aka ɗinke kunnen, aka ɗauki hoto aka ce ƙashin kafaɗa ya karye biyu. Ya ƙi kwanciya, ya ce a kai shi wurin mai ɗorin da ya sani. Kwana uku ban iya cin abinci ba, ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi, ina jiran a ce mini wani abu ya taso masa a ka. Kullum da la'asar nake zuwa gidan Baba. Ranar farko matarsa ba ta amsa gaisuwata ba, ta dai ajiye mini kujera. Sai a mako na biyu ta kawo mini ruwa.

Ƙanen ne ya dawo da wani mutum suka fasa dutsen, ruwa ya ɓullo a kwana na biyar, mai sanyi, har yau rijiyar ba ta sake ƙafewa ba. Bai yi mini magana ba sai abin da ya zama dole, kuma duk sanda zai shiga rijiyar sai ya ce in koma zaure.

Baba ya warke, amma hannun bai ƙara wuce kafaɗa ba. Ya daina shiga rijiya, ya koma tsayawa a sama yana nuna wa masu ƙarfi inda za su sara. Bayan shekara biyu ya koma garinsu gaba ɗaya, ya ce zai yi noma. Na raka shi tasha da safe, na riƙe masa jaka har mota ta cika.